Sawu a Kan Fata

Ranar Juma'ar da siton Alhaji Ja'afaru ya ƙone, maza suna cikin sahu a masallaci, don haka ba wanda ya ga farkon wutar. Da aka sallame aka fito, hayaƙi ya riga ya tokare sama ta wajen shiyyar Yakité, baƙi ƙirin, mai warin roba. Kafin a haɗa bokitai a ci ƙarfinta, wutar ta cinye rufin siton da dilolin atamfar da suka sha wahalar hanyar Kamaru, ta lashi bangon kicin, sannan ta haƙura. Ba wanda ya rasa ransa. Amma a unguwar Kilomita Biyar ta wancan lokacin, wuta ba ta tashi a ce tsautsayi ne a wuce wurin. Shekarar ce aka yi wa unguwar ƙawanya, mayaƙa masu adduna suna ƙetaren babbar kwata, Musulmi suna ciki ba shiga ba fita, kowa na kallon maƙwabcinsa ta wutsiyar ido. Tun toka ba ta huce ba aka yanke cewa cinna wutar aka yi, kuma da hannun na gida.

Na gidan ma ba a sha wahalar nemo shi ba. Abdulganiyu tela ne, rumfarsa na jingine da katangar Alhaji. Ubansa Musulmi ne, ya daɗe da rasuwa. Uwarsa Kirista ce, ta gudu sansanin filin jirgi tun farkon rikici. Yaren Sango ya fi zama a bakinsa, in ya kama Hausa sai ya yi ta tuntuɓe. Ba a gan shi a masallaci ba ranar, sai bayan an kashe wuta aka gan shi yana shigowa ta lungun da ke ɓullewa bakin kwata, yana tafe yana sosa ƙafafu.

Dabo, shugaban samarin da ke tsaron shingen Titin Koudoukou, shi ya fara cin kwalarsa. Ya ɗage masa ƙafar wando, ya nuna wa jama'a jajayen ƙuraje birjik.

"Ku duba! Sauron bakin kwata ne. A ciyawa ya kwanta yana raɗa da 'yan'uwan uwarsa. Ina ka je, munafuki?"

Abdulganiyu ya ƙi cewa komai, shirun kuwa ya ja masa dukan kawo wuƙa. Da ƙyar limamin unguwa ya shiga tsakani, ya roƙi a dakata zuwa la'asar ɗin gobe. Aka jefa telan a wani shago da mai shi ya gudu ya bari, aka datse da kwaɗo. Kowa ya san abin da ake yi wa wanda aka kira ɗan leƙen asiri a shekarar nan, ba sai an faɗa ba.

* * *

A gidan da aka yi gobarar akwai wani tsoho da ba a tambayi ra'ayinsa ba. Sunansa Nata'ala, kawun Alhaji Ja'afaru ne, yayan mahaifiyarsa. A bin sawu ya ƙare ƙuruciyarsa. In an kore wa dillalai garken shanu a dajin Yaloké, shi ake kira, ya durƙusa ya dubi ƙasa, ya faɗi inda ɓarayin suka nufa har da wanda ke ɗingishi a cikinsu. Da rikici ya ci garinsu ya gudo da matarsa Kyauta, amma ita ba ta iso ba, zazzaɓi ya kayar da ita a hanya. Ya yi watanni yana kwana a harabar babban masallaci cikin 'yan gudun hijira, kafin ɗan ƙanwarsa ya gano shi a farkon damina, ya ɗauko shi ya ba shi ɗakin zaure. Abin da ya shigo da shi bai wuce sanda da buta da wani tsohon bargon ulu ba, na Kyauta. Ba sau ɗaya ba Alhaji ya ce masa, "Kawu, Hajiya ta ce ka ba da bargon nan a wanke." Shi kuwa sai ya ce a bar shi. Bai taɓa faɗin dalili ba, amma har yanzu bargon na ƙanshin hayaƙin murhun matarsa, kuma ya san ruwa da sabulu za su tafi da shi.

Nata'ala ya ga lokacin da ake jan tela a ƙasa, abin ya tsaya masa a rai. Yaron nan ne ya bi masa rigarsa ɗaya tilo da faci, yana yi yana ba shi labari da Hausarsa mai tuntuɓe. Da jama'a suka watse, tsohon ya ɗauki sandarsa ya zaga bayan katanga.

An yi ruwa daren Alhamis, ƙasar wurin lagwada ce, ko kaza ta taka sai ta bar shaida. Kaji kuwa sun taka, da wata akuya. Ɗan Adam bai taka ba. Ya ɗaga kai ya dubi saman katangar, gansakuka ta lulluɓe ta kore shar, ba inda hannu ko ƙafa ya goge. Ya koma cikin gida. A nan masu kashe wuta sun tattake komai, amma a ɗan lungun da ke tsakanin sito da katanga ya tarar da wani baƙin abu da ya narke ya daskare a ƙasa, da wata kwalba a gefe. Ya shinshina bakinta. Kananzir ne.

"Ja'afaru," ya ce, "kana ajiye katifa a siton nan?"

Alhaji na zaune a kan turmi, ya haɗa kai da gwiwa. "Katifa kuma, Kawu? Atamfa ce kawai."

"To wannan soso ne ya narke. Kuma a waje ya ƙone, ba a ciki ba."

"La'anannen ne ya jefo shi ta katanga."

Nata'ala bai yi musu ba. Ya dai san katifa mai ci da wuta ba ta tsallake katanga ta bar gansakuka a kwance. Ya lura kuma da manyan tukwanen dafa ruwa a kife a tsakar gida, da tabarmi a shanye a igiya, amma bai ɗauke su da muhimmanci ba. Gidan Hajiya Ummuhani ne, matar Alhaji, wadda in ƙuda ya sauka a farantinta sai ta sake wanke shi. Matan Yakité har 'ya'yansu suke turowa su ga yadda ake gyaran ɗaki. Ko a ranar ma, da ya shiga ɗakinsa, ya tarar an sauya masa katifa da sabuwa, an ninke bargonsa an aje a kai. Ya ce a ransa, matar nan ko ranar gobara ba ta hutawa.

* * *

Da hantsin Asabar Nata'ala ya sami Dabo a bakin shinge. Dabo na sayar da fetur da kananzir a kwalabe, kuma kowa ya san sun taɓa yin cacar baki da Alhaji, da ya nemi ya riƙa ajiye jarkokinsa a siton aka hana shi. Nata'ala ya aje masa kwalbar a gaba.

"Taka ce?"

Dabo ya juya ta, ya taɓe baki. "Tawa ce. Rabin unguwar nan ma da irinta suke kunna fitila. Baba, pardon, yi haƙuri, wannan ba satar shanu ba ce. Ni kake zargi? Jiya ina ƙofar masallaci da sandata tun kafin huɗuba, tambayi liman."

Nata'ala ya riga ya tambaya, kuma gaskiya ne. Ya tsaya yana kallon hannayen saurayin. Tun da ya zo birni ya gane kwalta ba ta riƙe sawu, sai ya koma wa wata tsohuwar dabararsa ta daji. Can, in an kama mutum ya rantse a gida ya kwana, Nata'ala ba ya sauraron bakinsa, fatarsa yake dubawa. Wanda ya kwana a ciyawa kaska za ta tona shi, wanda ya kwana a ɗakin tasha abin da ke cikin tabarmar tasha zai tona shi.

"Miƙo hannunka."

Dabo ya miƙa yana dariyar raini. Cizo ne ɗaiɗai a warwatse, ɗaya a goshi, ɗaya a bayan hannu, wani a gwiwar hannu, wasu har sun fara sacewa.

"Wannan shi ne sauro," in ji Nata'ala. "Ya sauka inda ya ga dama, ya sha ya tashi. Nan take ya kumbura, kafin yamma ya kwanta. Haka ka gani a ƙafar tela?"

"Cizo cizo ne, Baba."

"Ba ni mabuɗin shagon."

Dabo ya ce zai buɗe masa da kansa. Ya ƙara da cewa la'asar dai ba ta da nisa.

* * *

Abdulganiyu na rakuɓe a kusurwar shagon, ido ɗaya ya rufe don kumburi, leɓe ya fashe. Da ya ga wanda ya shigo ya yi ƙoƙarin gyara zama, ya kasa.

"Sannu, ɗana. Miƙo ƙafar nan wajen haske."

Ƙurajen ƙanana ne, cunkus a idon sawu, suna raguwa in an hau ƙwauri, ba ko ɗaya da ya wuce gwiwa. Kowanne da ɗan jan ɗigo a tsakiya. Nata'ala ya shafa ƙafar wandon, ya tsinto wani gajeren gashi ja, ya ɗaga shi.

"Ƙuma ce ta cije ka. Daga ƙasa take tsalle, shi ya sa ba ta wuce nan. Wannan kuma ba gashin akuya ba ne. Karen wa?"

Tela ya rufe fuska da tafin hannu. Ya yi magana, muryarsa can ƙasa.

"Na Mama ne. Da za ta gudu ta ɗaure shi a gida, ta ce kwana biyu za ta yi. Gidan yana bakin kwata, ba kowa a layin yanzu. In ban je ba, shi zai mutu. Sai Juma'a ne shinge ba mutane, sai in kai masa gozo, tuwon rogon nan, da ruwa, in cika masa bahon."

"Me ya hana ka faɗa jiya?"

"Baba, in ce na bar sallar Juma'a don kare? Dama suna cewa Musulunci na rabi ne. Gara duka." Ya kama gefen rigar tsohon. "Don Allah kar ka faɗa."

Nata'ala ya fito daga shagon. Ya san yanzu wanda bai cinna wutar ba, amma wannan ba zai ishi Dabo ba. Jama'ar da suka fusata ba sa sakin wanda ke hannu sai an ba su wani.

* * *

Da azahar Hajiya Ummuhani ce da kanta ta kawo wa Nata'ala da Alhaji abinci zaure. Tsakaninta da Nata'ala akwai kunyar surukuta mai kauri. Ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, in tana da magana sai ta bi ta bakin mijinta. Ta durƙusa ta aje kwano, kanta a ƙasa, mayafinta ya ɗan zame daga hannu. A tsintsiyar hannunta, ta gefen waje, akwai jajayen tabo guda uku a jere, kamar an ja su da zare. Sama kaɗan ga wasu a jere kuma. Ta ja mayafin da sauri, ta fita har tana tuntuɓe da dokin ƙofa.

Nata'ala ya juya ya dubi Alhaji, wanda ke cin abinci ba don yana so ba, yana kai hannu bayan wuya yana susa.

"Karkato wuyanka in gani."

"Sauro ne, Kawu. Bana sun yi yawa. Hajiya ma ta ce damina ce."

Layi ne shi ma, daga ƙasan kunne ya gangara kafaɗa, duk a gefen da yake kwanciya a kai.

"Kuna kwana cikin gidan sauro?"

"Kullum. Ni ma abin na ba ni mamaki."

"Tun yaushe?"

Alhaji ya yi tunani. "Tun wajen zuwanka ne, farkon ruwa."

Da farko, sai a faɗi gaskiya, dariya ce ta so ƙwace wa tsohon. Kuɗin cizo a gidan Ummuhani! Ita da ake turo yara kallon ɗakinta! Nan take komai ya zauna masa daidai, tukwanen ruwan zafi, tabarmin da ke shanye, kananzir maimakon fetur, da lokacin da aka zaɓa, lokacin da ba namiji ko ɗaya a unguwa. Ba maƙiyi ne ya cinna wuta ba. Mace ce ta ja katifu bayan sito don ta ƙone abin kunyarta a ɓoye, soso kuwa in ya kama ba ya jin lallashi.

Amma mai bin sawu ba ya tsayawa inda sawu ya ƙare, sai ya koma inda ya faro. Kuɗin cizo ba ya tashi sama, ba ya tsalle. Kawo shi ake yi, a cikin kaya. Wa ya shigo gidan nan da kaya a farkon ruwa? Kuma katifar wa aka sauya jiya?

Dariyar ta gushe masa. Ya tsame hannu daga kwano, ya shiga ɗakinsa, ya ɗauko bargon Kyauta ya kai bakin taga. Ya buɗe kalmasar bakinsa da farce. Baƙaƙen ɗigo ne jere cikin ɗinkin, kamar an barbaɗa barkono, da fararen ƙwai, da ɓawon da suka saɓule. Sai ga su nan kansu, jajaye, shafaffu, suna gudun haske suna cusa kai cikin ulu. Ya murƙushe ɗaya, warin ya bugi hancinsa. Ashe rabin abin da yake shaƙa yana cewa ƙanshin matarsa ne, wannan ne.

Ya naɗe hannun riga ya dubi fatarsa. Ba tabo ko ɗaya. Ya san akwai masu irin wannan jikin, a cije su har safe ba ƙaiƙayi ba kumburi, ya sha faɗa wa mutane haka a daji. Bai taɓa kawowa shi ma yana cikinsu ba. Watanni yana kwasar su daga tabarmin harabar masallaci, ya kawo su gidan da aka rufa masa asiri, suka bi bango suka shiga ɗakin masu gida. Sau nawa matar nan ta aiko a karɓi bargon? Wane baki take da shi da za ta ce wa surukinta, baƙonta, wanda ya binne matarsa a hanya, kai ne ka kawo mana ƙazanta? Ya zauna a bakin sabuwar katifar, kunya ta rufe shi har yana jin zafinta a kunnuwa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ya shige.

Ya daɗe kafin ya tashi. Ya je ƙofar ɗakin Hajiya, ya tsaya daga wajen labule, abin da bai taɓa yi ba.

"Hajiya, na buɗe bakin bargon."

Ba ta fito ba. Sai ya ji shessheƙa a hankali.

"Da la'asar zan faɗi nawa. Naki kuma ba ni zan faɗa ba. Amma yaron can idonsa ɗaya ya rufe."

* * *

Bayan la'asar tsakar gidan Alhaji ya cika. Liman na kan kujera, Dabo da samarinsa sun tsaya a bakin zaure, an zaunar da Abdulganiyu a ƙasa kusa da tokar sito. Labulen ɗakin Hajiya na sake. Nata'ala ya fito da wani ƙunshi a hammata, ya aje shi a gabansa.

Ya fara da katanga, ya ce duk mai shakka ya zaga ya dubi gansakuka da idonsa. Sannan ya sa Dabo ya naɗe hannun riga, ya sa aka ɗage wandon tela.

"Ku matso ku duba, ba asiri ba ne. Na Dabo sauro ne, ɗaiɗai, ko'ina. Wanda ya kwanta a ciyawar bakin kwata haka fuskarsa da hannunsa za su yi. Na tela kuwa duk a idon sawu suke, da ɗigo a tsakiya. Ƙuma ce. A gidan uwarsa ya samo ta, inda ya je duba abin da ta bari. Bai kwanta a ciyawar kowa ba."

"Me ta bari?" in ji Dabo.

"Abin da ba ya cinna wuta."

Wani ya yi dariya, ya haɗiye ta. Dabo ya ce, "To in ba shi ba ne, wa? Sito dai bai ƙone kansa ba."

"Ja'afaru, buɗe wuyanka."

Alhaji ya yi turus, amma kawu ne ya faɗa, ya ja wuyan riga. Nata'ala ya bi layin da ɗan yatsa ba tare da ya taɓa ba.

"Mai wannan cizon ba ya tashi, tafiya yake yi. Ya ciza, ya matsa, ya sake ciza, shi ya sa suke jeruwa. Inda jiki ya taɓa shimfiɗa nan yake bi, gidan sauro ba ya hana shi don yana ciki tare da kai. Ƙaiƙayinsa sai daga baya, kuma ya yi kwanaki. Duk wanda ya taɓa kwana a tasha ya san sunansa."

Ba wanda ya faɗi sunan, amma an ji guna-guni ta wajen matan da ke leƙe ta katanga. Fuskar Alhaji ta yi kamar an watsa masa ruwan zafi.

"Kawu, a gaban mutane? A gidana?"

"Ba naka ba ne. Nawa ne."

Ya kwance ƙunshin, ya shimfiɗa bargon a farin siminti, ya buɗe kalmasar. Waɗanda ke kusa suka ja da baya. Tsohon bai ɗaga kai ba.

"Ni na kawo su. Jikina ba ya nuna cizo, ban sani ba. An roƙe ni in ba da bargon nan a wanke, na ƙi, don taurin kaina. An ji kunyata ba a faɗa mini ba. Katifar da na ɓata ce aka ƙone a lungun can, wuta ta fi ƙarfin mai ƙonawa. In akwai wanda za a ja a ƙasa a kan siton nan, ga ni."

"Wa ya ƙyasta ashanar?" Dabo ya tambaya, amma muryarsa ta rage kaifi.

Nata'ala ya ƙi kama suna. Liman ya fara gyaran murya. Sai labule ya motsa. Hajiya Ummuhani ta fito, matar da yawancin mazan wurin ba su taɓa ganin fuskarta ba, ta tsaya a dokin ƙofa, ta zame mayafi daga hannunta ta miƙa shi kowa ya ga layin.

"Ni ce. Na yi ruwan zafi, na yi kananzir, sun ƙi ƙarewa. Na ce in ƙone katifun kafin a sauko daga masallaci, ba wanda zai sani. Da wuta ta kama rufi na ruɗe." Ta haɗiye kuka. "Ina jin lokacin da ake dukansa. Ina bayan labulen nan ina ji. Na ce in na yi magana za a ce gidan Ummuhani da kuɗin cizo. Na kwana ban yi magana ba."

Ta juya wajen tela, ta durƙusa har ƙasa. "Abdulganiyu, ka yafe mini."

Ba wanda ya iya kallon wani. Alhaji ya kifa kai. Samarin da suka yi dukan suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya ta zaure. Dabo ya tsaya yana murza mabuɗin shagon a hannu, ya ce wa tela, "Ita, pardon," wato ɗan'uwa yi haƙuri, don da Sango ɗan'uwa ake ce wa ita.

Abdulganiyu ya dafa bango ya miƙe da ƙyar. Ya dubi Hajiya da idon da ya rage masa a buɗe, ya dubi maƙwabtan da ya shekara yana ɗinka wa kayan salla. Ya ce wa Nata'ala, "Singila, Baba." Ban da wannan godiyar bai ce wa kowa komai ba, ya bi ta tsakiyarsu ya fita, aka dare masa hanya.

Da yamman Nata'ala ya ɗauki bargon zai kai shi murhu. Hajiya ta tare shi, a karo na farko ta yi masa magana kai tsaye, ko da yake idonta na ƙasa.

"Kawu, kawo in dafa shi. Ruwan zafi na kashe su. An ƙone abin da ya isa."

Ya miƙa mata da hannu biyu.

* * *

Washegari da sassafe Alhaji ya ɗauki riga sabuwa da ƙwaryar abinci, ya ce Kawu ya raka shi su ba tela haƙuri yadda ya kamata. Suka tarar da rumfar a buɗe. Teburin keken ɗinki na nan, amma an kwance kan keken an tafi da shi. An jera kayan mutane a ninke a kan benci, kowanne an gama ɗinkinsa.

An yi yayyafi da asuba, ƙasa ta yi laushi. Nata'ala ya sunkuya. Sawun na nan raɗau, ƙafar dama na nutsewa saboda nauyin kaya a kafaɗa, ta hagu na ja a ƙasa saboda duka. Ya bi shi cikin lungu, Alhaji na biye, har gidan da ke bakin kwata. A ƙofar gidan igiya ce a yashe, an kwance ta da hannu. Daga nan sawun ya zama biyu, na mutum da na kare a gefensa, sun gangara sun nufi 'yar gadar katakon da ke ƙetarawa.

"Kawu, bai yi nisa ba ko?" in ji Alhaji. "In mun yi sauri za mu cim masa."

Nata'ala ya daɗe yana kallon sawun. Bai yi nisa ba kam, gefen tafin ko bushewa bai yi ba. Duk tsawon rayuwarsa bai taɓa ganin sabon sawu haka ya bar shi ba.

"In mun cim masa mu ce masa me, Ja'afaru?"

Alhaji ya dubi rigar da ke hannunsa. Tsohon ya dogara sandarsa ya juya, suka kamo hanyar gida, yana taka gefe-gefe don kada ya ɓata sawun.